Ruwan Da Ya Shiga Masana'anta, Ta Ina Ya Fita?



Ranka ya daɗe shugaban taro, iyayena da malamaina da ke sahun gaba, ma'aikatan kula da muhalli, ɗalibai da suka cika baya har bakin taga, ina yi wa kowa barka da zuwa. Na kuma hango masu masana'antu sun rakuɓe gefe guda kamar waɗanda aka kawo ƙara gaban alƙali. Alhazai, ku saki jiki. A cikinku na ci abinci shekara da shekaru, kuma rabin laifin da zan ambata yau da hannuna aka yi shi.

An ce in yi magana a kan tattalin ruwa da rage dagwalo a masana'antun sinadarai. Kalmar dagwalon nan, ni a bakin marina na fara jin ta tun ina yaro, saboda haka daga can zan ɗauko zancen.

Wanda ya taɓa tsayawa a karofin Ƙofar Mata ya ga yadda ake yi. Rami ne mai zurfi, a cika shi da ruwa, a zuba toka, a zuba baba, a bar shi ya ruɓa, ana bugawa da muciya har ya nuna. Haɗi guda sai ya yi watanni ana tsoma zane a ciki. Ran da ya mutu, ya daina kama zane, shi ne ya zama dagwalo. To ko a nan marini bai gama da shi ba. Zai kwashe lakar da ta kwanta a gindin ramin, ya cura, ya shanya, ya ƙona, ga katsi ya samu. Wani katsin ya koma cikin sabon haɗi, wani a kwaɓa shi da gashin dabba da dafara a yi laso, a shafe ramin don kada ya yi yoyo, magina kuma su saya su shafe soro. Ba tsoron hukuma ya sa marini yin haka ba. A ka ake ɗauko masa ruwa, da kuɗinsa yake sayen baba, shi ya sa ya san lissafin abin da ya shiga ramin da abin da ya fita.

Masana'antarmu ta zamani fa? Ta haƙa rijiyar burtsatse biyu ko uku a bayan katanga, ta ɗaura famfo, shi ke nan. Akanta yana da shafin dizal, yana da shafin albashi, yana da shafin sinadarai, shafin ruwa ne babu. Abin da ba ya cikin littafin akanta kuwa, manaja ba ya kwana da shi a rai.

Ina sabon injiniya, a wata masana'anta da ba zan faɗi sunanta ba, aka sa ni aikin dare. Wajen ƙarfe biyu na zaga bayan ɗakin haɗi, sai na ji shaaa. Na haska tocila, na ga mesa kwance a ƙasa, ruwa na kwarara cikin kwata, babu kowa a wurin. Na tambayi dattijon da ke kula da sashen. Ya ce, "Injiniya, ai bawul ɗin ne ya ci. In an rufe, sai da sufana ake buɗewa, shi ya sa muke barinta." Na ce, "Baba, tun yaushe?" Ya ce shi dai haka ya tarar. Na sa aka ɗauko jarka irin ta 'yan garuwa, mai lita 25, na duba agogo. Minti guda ta cika. Ɗalibai, ku buga lissafin: minti 1,440 ke cikin kwana guda, wato jarka 1,440, lita 36,000, kullum ta Allah, daga mesa guda. A unguwar da ke bayan katangarmu kuwa, tun asuba mata ke leƙen hanya suna jiran mai kura.

Abin da ya fi ba ni haushi, ruwan nan tas yake fitowa daga mesa, amma kwatar da yake faɗawa ita ce ke ɗauke da wankin tankunan haɗi. Yana shiga ya zama dagwalo, ya je ya cika mana tafkin tacewa, mu yi ta ƙona dizal muna tace ruwan da mu muka ɓata da kanmu. Sabon bawul bai kai kuɗin dizal na yini guda ba. Kada ma ku yaba mini, don sai da na yi wata uku ina wucewa ta wurin da rana ban lura ba. Ƙarar injuna ta danne ƙarar ruwan.

Tun daga ranar, duk masana'antar da ta gayyace ni in duba mata matsalar dagwalo, ba na fara zuwa bakin tafki. Sai in tambaya: lita nawa ke shigowa a yini, kuma wane sashe ke shan nawa? Sau da yawa sai a hau kallon-kallo. Mitar ruwa ba ta da wata tsada, amma kafin ka samu masana'antar da ta sa wa kowane sashe tasa, sai ka sha yawo.

In aka sa mitar, abin da kan ba mutane mamaki shi ne ruwan da ke shiga jikin kayan da ake sarrafawa ɗan kaɗan ne. Babban mai sha shi ne sanyaya tukwane da injuna, domin haɗa sinadarai aiki ne mai fid da zafi, in ba a kwashe zafin ba tukunya ta yi bore. Kamfanin BASF da ke Ludwigshafen a Jamus, wanda harabarsa ta kai murabba'in kilomita 10, yana jan ruwa sama da mita kubik biliyan ɗaya a shekara daga Kogin Rhine, mafi yawansa na sanyayawa ne, ya zaga ya koma kogi. A 2018 aka yi fari a Turai, kogin ya janye har ma'aunin da ke garin Kaub ya sauka zuwa santimita 25 a watan Oktoba. Jiragen ruwa suka kasa ɗauko kaya cikakku, ruwan sanyayawa ya yi ƙaranci, aka rage aiki, wani sashen ma aka rufe shi. Kamfanin da bakinsa ya ce ya yi asarar kimanin Yuro miliyan 250. Wannan fa a ƙasar da kusan kowane wata sai an yi ruwan sama. Mu masu daminar wata huɗu sai mu shafa wa gemunmu ruwa, in akwai ruwan.

Tun da ba mu da kogi irin nasu, hasumiyar sanyaya ruwa muke aiki da ita. Dabararta irin ta randa ce. Ruwan zafi ya zubo daga sama yana yayyafi, fanka ta hura masa iska, kaɗan ya tashi sama ya tafi da zafin, saura ya huce ya koma aiki. Sai dai wanda ya tashi ba ya tafiya da gishirin da ke cikinsa. Kun san farin abin nan da ke daskarewa a gindin butar shayi? Shi ne zai toshe bututu in aka bar ruwan ya yi ta kauri. Don haka ake zubar da wani kaso, a ƙara sabo. Rigimar tana kan nawa za a zubar. A ce lita 100 ke tashi sama. In ka ƙyale gishirin ruwanka ya ninka na sabon ruwa sau 2 kawai, lita 100 za ka zubar, ka jawo 200 daga rijiya. In ka bari ya ninka sau 3, ka zubar da 50, ka jawo 150. Sau 6, ka zubar da 20, ka jawo 120. Daga nan riba ta fara tsukewa, don ko ka kai sau 10, lita 111 za ka jawo, ga haɗarin toshewa ya ƙaru. Na sha tarar da hasumiya tana aiki a kan 2 ko ƙasa da haka, saboda wani ya buɗe bawul ɗin zubarwa shekarun baya, ya bar aiki, ba wanda ya sake taɓa shi. Abin da ake buƙata ɗan ma'aunin gishiri ne mai buɗe bawul da kansa, da maganin hana daskarewa, da 'yar matata a gefe saboda ƙurar hunturu, domin daga Disamba zuwa Fabrairu hasumiya a Kano wankin iskar gari take yi.

Ruwan tururi ba zan daɗe a kansa ba, don abin kunya ne. Ka tace ruwa, ka sa masa magani, ka ƙona gas ko baƙin mai ka dafa shi ya zama tururi, ya gama aiki ya koma ruwa, tas da shi, ga zafinsa, sai ka sake shi a kwata. Bututu guda da famfo guda sun isa su mayar da shi tukunya.

Sai wanki da ɗauraya, inda iyayenmu mata suka riga injiniyoyi. Ku lura da mai wanke-wanke a gidan biki, a unguwar da ruwa ke wuya. Baho uku take jerawa, na farko na sabulu, na biyu ɗauraya, na uku ɗaurayar ƙarshe. In na farko ya yi baƙi ta zubar, na biyu ya matso gurbinsa, na uku ya zama na biyu, sabon ruwa a bahon ƙarshe kaɗai ake zuba shi. Kwanuka na yin gabas, ruwa na yin yamma. In kana son dattin da ya maƙale a jikin kaya ya ragu sau 1,000, da tanki guda sai ka kashe lita 1,000 a kan kowace lita ta dattin. Da tanki biyu a jere irin na matar nan, kimanin lita 32. Da uku, kimanin lita 10. A 1994 wasu malamai biyu a Manchesta, Wang da Smith, suka fitar da hanyar lissafi da ke yi wa masana'anta sukutum irin wannan jeri. A rubuta kowane aiki, da tsabtar ruwan da yake buƙata, da dattin ruwan da yake fitarwa, sai a ga wanda zai iya shan saurar wani, a kuma san mafi ƙarancin sabon ruwan da za a iya aiki da shi tun ba a sayi bututu ko ɗaya ba. Ai wankin daɓe ba sai da ruwan sha ba. Ɗalibanmu na injiniyancin sinadarai suna koyon wannan a aji, su ci jarrabawa, su zo masana'anta a ba su cike fom.

Yanzu na zo kan abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato kwata guda. Ruwan sama, ruwan sanyayawa, ruwan bayan gida, ruwan asid, duk a tara su a hanya ɗaya. Cokalin kananzir guda ya isa ya ɓata randa. Wanda ya tare shi tun yana cokali, da cokali zai yi fama. Wanda ya bari ya faɗa, sai ya yi fama da randar gaba ɗaya.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne jimar zamani, wadda aikin sinadarai ce tsantsa a kan fata. Majemanmu na gargajiya da bagaruwa suke jima. Kamfanonin Challawa da Sharaɗa da Bompai kuwa da gishirin kuromiyam suke yi. Fata ta zo da gishirinta, a jiƙa a wanke, a sa farar ƙasa da salfaid su zubar da gashi, a bi da asid, sannan ganga ta yi ta juyawa da kuromiyam har fatar ta fito shuɗi-shuɗi. A tsohuwar hanya, tan guda na ɗanyar fata yakan sha ruwa kimanin lita 30,000 zuwa 40,000. Kuma fata ba ta shanye kuromiyam duka, kusan kashi ɗaya cikin uku a ruwa yake saura. Alhazai, da dala kuka sayo shi, kuka biya kuɗin fito a Legas, kuka biya mota har Kano, sannan cikin kowane buhu uku ku aika wa kogi ɗaya kyauta.

Dawo da shi ba tsafi ba ne. A ja ruwan gangar kuromiyam shi kaɗai zuwa tanki nasa, a tace, a zuba garin magnisiya, a motsa, a bar shi ya kwana. Da safe za a tarar kuromiyam ya kwanta a ƙasa kamar gasara. A tsiyaye na sama, a narka na ƙasan da asid irin na batir, ya koma ganga ya jeme wata fatar. Majeman Kanpur a Indiya sun yi shekaru da dama da sanin wannan. Sharaɗin guda ne, kada ruwan ya haɗu da saura. In ya haɗu, ya tsinke, ya cuɗe da kitse da gashi da farar ƙasa, sai ya zama tulin laka da ba ta jima, ba ta takin gona, in kuma aka ƙona ta kuromiyam ɗin na iya rikiɗa ya koma nau'in da ke jawo ciwon daji.

Akwai abin da ya fi asarar kuɗi. Ruwan cire gashi mai salfaid in ya gamu da ruwan asid, wata iska ke tashi mai warin ɓaragurbi. Makira ce, don in ta yi yawa sai ta kashe hanci, mutum ya daina jin warin, ya ɗauka ta wuce. Lebura ya shiga rami yasa, ya faɗi. Ɗan'uwansa ya bi shi ceto, shi ma ya faɗi. Haka take kisa a majemun ƙasashe da yawa, bibbiyu, uku-uku. Raba kwata biyu kuwa kuɗin bulo ne da siminti.

Mun kuma san inda ruwan ke zuwa. Na Bompai ya bi rafin Getsi ya faɗa Jakara, masu lambu na jiransa da injin ban-ruwa, latas da kabeji da alayyafo su dawo mana kasuwa. Na Sharaɗa da Challawa ya gangara Kogin Challawa, wanda ke haɗuwa da Kogin Kano su nufi Wudil har Haɗeja. Manomin da ke can ko sunan kamfaninka bai taɓa ji ba.

Wani zai ce, to a gina matata a ƙarshen kwata mana, ta share komai. Matata dole ce, amma bari in ba ku labarin wata. A garin Minamata na Japan, kamfanin Chisso ya fara yin sinadarin asitaldihaid a 1932, yana sa zaiba don hanzarta haɗin, dagwalon na zuba a teku inda masunta ke kamun kifi. Kyanwoyi suka fara haukacewa suna faɗawa ruwa. Ranar 1 ga Mayu 1956 likitoci suka kai rahoton wata baƙuwar cuta mai kama jijiyoyi, mutum ya kasa tafiya, ya kasa magana. Da hayaniya ta yi yawa, a Disamban 1959 kamfanin ya ƙaddamar da sabuwar matata, aka yi biki, shugaban kamfanin ya ɗaga kofi ya sha ruwan da aka ce daga cikinta ya fito. Daga baya ta bayyana cewa ba a ƙera matatar don cire irin wannan zaibar ba, dagwalon sashen da ke da gubar ma ba ta cikinta yake bi ba. Guba ta ci gaba da zuba har 1968, shekarar da aka daina yin sinadarin ta wannan hanya saboda an samu wata wadda ba ta buƙatar zaiba. A shekarar ce kuma gwamnati ta amsa cewa dagwalon ne sanadin cutar, bayan shekara 12 da rahoton farko, ana ta haihuwar yara da nakasa. Yarjejeniyar duniya ta rage amfani da zaiba da aka sa wa hannu a 2013, sunan garin nan take ɗauke da shi.

Kun ga sauya girkin ne ya tsayar da gubar. Ga wani misali mai daɗin ji. Katifar soso da kuka kwana a kai jiya, cikin abin da ake yin ta da shi akwai wani sinadari mai suna furofilin oksaid. Tsohuwar hanyar yin sa, da kulorin da farar ƙasa, tana fid da kimanin tan 40 na ruwa mai gishiri a kan kowane tan guda na kaya. A 2008 kamfanonin BASF da Dow suka buɗe masana'anta a Antwerp ta Beljiyam, mai yin tan 300,000 a shekara, da haidurojin feroksaid, ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi a kemis, sai dai nasu mai ƙarfi ne. Abin da haɗin ke bari a baya ruwa ne, kuma kamfanonin sun ce dagwalo ya ragu da kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari. Na san ba kowa ke da kuɗin sauya masana'anta ba. Amma wanda zai kafa sabuwa, ko zai sayo tsofaffin injunan da wata ƙasa ta sallama, ya tambayi dillali lita nawa suke sha a tan guda, kuma me ya sa masu su suka rabu da su.

Akwai kuma tsarin da ya shigo yayi, wanda ake cewa ko ɗigo kada ya fita daga masana'anta. Garin Tiruppur a kudancin Indiya shi ne makarantar wannan. Cibiya ce ta ɗinkin singileti da ire-irensa da ake kaiwa Turai da Amurka. Rinin auduga na zamani gishiri yake ci buhu-buhu, don shi ke tura launi cikin zare. Marinan garin suka yi ta zuba ruwan a Kogin Noyyal, har madatsar Orathupalayam da aka gina don ban-ruwa ta zama tafkin dagwalo, rijiyoyin manoma suka yi zartsi. Manoma suka kai ƙara. A Janairun 2011 Babbar Kotun Madras ta ba da umarnin rufe wuraren rini sama da 700 har sai sun daina zubarwa kwata-kwata. Dubban mutane suka rasa aiki. Da wuya ta yi wuya, masu rinin suka gyara matatunsu na tarayya: a tace da ƙwayoyin halitta, a matsa ruwan da ƙarfi ta cikin wata fata mai ƙananan idanu da gishiri ba ya iya ratsawa, mafi yawan ruwan ya dawo aiki, ragowar mai kauri a dafa shi har ya ƙafe, gishiri mai kyau ya koma rini. Abin ya yi aiki. Sai dai in an zo tallata muku shi, ku buɗe ido. Dafa ruwa har ya ƙafe wuta yake ci ba kaɗan ba, kuma akwai gaurayen gishiri mai datti da ke saura, wanda suka yi ta tarawa a buhuna cikin rumfuna, tan dubbai, ana neman inda za a kai shi. Mu da wutarmu sai ta ga dama, wanda ya fara da wannan bai gyara bawul ba, bai raba kwata ba, bai jera baho uku ba, ya sayi doki ne bai tanadi harawa ba. Duk litar da ka hana ɓaci a ciki, ta rage maka girman abin da za ka gina a ƙarshe da dizal ɗin da zai sha.

Doka kuwa ba ita muka rasa ba. Bayan sharar gubar da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko a 1988, an kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, a shekarar, a 1991 aka fitar da ƙa'idojin iyakar abin da masana'anta za ta zubar. A 2007 aka kafa NESREA, hukumar tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli, a 2009 aka fitar da ƙa'idoji na musamman ga masu yin sinadarai da magunguna da sabulu, da wasu ga masaƙu da majemu. Takarda dai ta cika.

'Yan'uwana masu zagayen duba masana'antu, bari in tona muku asirinmu, tun da na zauna a ɗaya gefen teburin. Mukan san ranar da za ku zo. Ranar za ku tarar injin hura iska na tafki yana ruri, an share haraba, ruwan da za ku ɗiba a kwalba har kifi zai rayu a ciki. Kuna fita a kashe janareta. Tankunan da suka fi dauɗa kuwa da tsakar dare ake sakinsu, ko ranar da aka tafka ruwan sama. In kuna son gaskiyar matata, ku ajiye kwalba tukuna, ku nemi rasiɗin dizal ɗin sashen, da rasiɗin magungunan tacewa, sannan ku ce a nuna muku inda aka kai laka. Matatar da ke aiki dole ta haifi laka. In aka ce muku ta shekara tana aiki amma ba a taɓa kwashe laka ba, kun samu amsarku.

Ƙananan masana'antu ba za su iya gina matata kowa tasa ba, sai dai ta tarayya, kuma abin da ke kashe ta tarayya shi ne rigimar wa zai sayi dizal. In aka raba kuɗin daidai wa daida, mai tattali ya zama wawa. A sa wa kowa mita a bakin kwatarsa, ya biya gwargwadon yawan dagwalonsa da ƙarfinsa, za ku ga Alhaji da kansa yana zagayen neman mesa da tocila. Ra'ayina ma rijiyar burtsatsen masana'anta a sa mata mita, a biya ko ƙanƙani ne, don tafki guda ne a ƙarƙashin ƙasa, shi kamfani ke zuƙa da famfo, shi matan unguwa ke zura wa guga. Na ji gunaguni daga wancan gefen. Gaskiyarku ne, haraji ya yi muku yawa, a soke wani a sa wannan.

Ɗalibai, wanda ke neman abin da zai rubuta kundin kammala karatu a kai, ga masu masana'antu nan a zaune, ya tare ɗaya tun kafin su kai bakin mota. Ya ɗauki jarka da agogo da littafi, ya kwana uku a masana'anta, ya zana taswirar kowane bututu da kowace kwata, ya rubuta lita nawa ke bin kowanne. Alhazai, in sun zo ku gaya wa maigadi ya bar su su shiga. Aikin dare nake nufi, wajen ƙarfe biyu.

Ranka ya daɗe shugaban taro, na ga an miƙo mini takarda karo na biyu.